Bairos na Kwalba Ba Shi Ne na Garke Ba: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Wannan takarda taku ce, ƙannena da kuka fara aiki a ɗakunan binciken cututtukan dabbobi, da ɗaliban likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da ku da ake turawa ruga ku ɗebo samfuri ku kai Vom ko Yamai ko Garwa. Zan yi muku magana da kaushi, domin kuskuren da aka yi a kan teburin bincike ba ya tsayawa a kan tebur. Yakan bi rahoto ya shiga ofis, daga ofis ya zama odar allurar rigakafi, daga nan ya sauka a wuyan saniyar wani bawan Allah wanda ba shi da wata dukiya sai ita.

Maganar guda ɗaya ce. Bairos biyu na iya amsa suna ɗaya, su jawo ciwo iri ɗaya, amma halinsu a kwalbar reno ya sha bamban, kundin gadonsu ma ya sha bamban. Wanda kuma kuka rena a kan ƙwayoyin halittar da muke kira sel, kuka yi ta juya shi daga wannan kwalba zuwa waccan, ya riga ya fara rikiɗa, ya bar halin da kuka ɗebo shi da shi daga bakin dabba.

Kada ku ɗauka suna ɗaya yana nufin bairos ɗaya.

Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, rukuni bakwai gare shi: O, A, C, Asia 1, SAT 1, SAT 2 da SAT 3. Rukunin C ba a sake ganinsa a duniya ba tun 2004. A Najeriya an tabbatar da O da A da SAT 1 da SAT 2. Saniyar da ta warke daga O bana, baɗi SAT 2 zai kama ta kamar ba ta taɓa yin ciwon ba. Ko a cikin rukuni ɗaya akwai dangi-dangi, musamman a A da SAT 2, har rigakafin da aka yi da wani dangi ya kasa tare ɗan uwansa. Shi ya sa ake gwada dacewar rigakafi da bairos ɗin da ke yawo, ana fitar da wani ma'auni mai suna r1, wanda idan ya gaza 0.3 a gwajin kashe ƙarfin bairos ake cewa dacewar ba ta samu ba. Rahoton da ya tsaya a kan “an samu boru” bai kai rabin rahoto ba. Ku faɗi rukuni. Idan ba ku da kayan gano rukuni, ku aika inda suke da shi, ku rubuta cewa kun aika.

Kada kuma ku juya ƙa'idar, ku ce duk inda kundin gado ya bambanta rigakafi ya daina aiki.

Wannan shi ne kuskuren masu sabon ilimi, kuma ya fi na farko saurin yaɗuwa. Annobar awaki da tumaki ta PPR, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, an fara bayyana ta a Kodebuwa a 1942. Zuriya huɗu gare ta, amma rukuninta a wajen garkuwar jiki ɗaya ne tak. Rigakafin Nigeria 75/1 daga zuriya ta II ya fito, kuma yana kare dabba daga duka huɗun, kariyar da ke kai shekara uku ko fiye. Zuriya ta IV, wadda a da aka sani da Asiya da Gabas ta Tsakiya, ta bayyana a Maroko a 2008, an kuma same ta a Sudan da Kamaru da Najeriya da Nijar. Wannan labari ne mai muhimmanci ga mai bin sawun cuta, domin yana nuna hanyar da dabbobi ke bi tsakanin kasuwanni da iyakoki. Amma ba hujja ba ce ta tsayawa gaban makiyaya a ce musu allurar ta zama banza. In aka yi wa garke allura ya kuma kamu, ku fara tambayar awa nawa kwalbar ta yi a rana bayan an haɗa ta da ruwa, da ko an yi wa dabbobin allura ne cutar na cikin jikinsu. Can ne laifin ya fi yawan kwana.

Ku gyara samfuri tun daga ruga.

Ga yadda ake yi wa boru. A nemi saniyar da ciwon bai wuce kwana ɗaya ko biyu a jikinta ba, wadda miyau ke dalala daga bakinta, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana saukewa. A kame ta da kyau, a jawo harshen da tsumma mai tsabta, a nemi ƙurji mai ruwa wanda bai fashe ba ko wanda yanzu ya fashe. Farar fatar nan da ke saɓulewa daga harshe ita ake so, kamar giram ɗaya. A jefa ta cikin ruwan ɗauka, rabi gilisarin rabi ruwan fosfet, mai ma'aunin pH tsakanin 7.2 da 7.6, a rufe gam, a sa a kula mai ƙanƙara. Bairos ɗin boru ba ya jure tsami ko kaɗan. Da ma'aunin ya sauko kusa da 6, ƙwansonsa ya wargaje. Saboda haka in za ku yi amfani da busasshiyar ƙanƙara, ku tabbata murfin ya kama, domin iskar da take fitarwa tana shiga kwalba ta tsamar da ruwan. Rukunin O da na SAT sun fi A saurin lalacewa da zafi. Ke nan doguwar tafiya a mota marar sanyi za ta iya kashe wani rukuni ta bar wani, ku zo kuna cewa wanda ya rayu shi kaɗai ne ke yawo a jihar.

Kada ku ɗebi samfuri daga mushen da ya kwana. Kada ku haɗa na dabbobi biyu a kwalba ɗaya don tsimin kwalba.

Ku rubuta komai a wurin, ba sai kun dawo gida ba: gari, ƙaramar hukuma, rana, irin dabbar, shekarunta, daga wace kasuwa aka sayo ta, da ranar da aka yi mata rigakafi na ƙarshe. Wannan tambaya ta ƙarshe ita aka fi mantawa, ita kuma ta fi jawo abin kunya.

Kada ku ce babu bairos don sel ɗin kwalbarku ba su mutu ba.

A nan zan daɗe, domin nan ne aka fi yin ɓarna. Bairos ba ya shiga sel sai ya sami makamar da ta dace da shi a jikinsa. Bairos ɗin PPR na daji yana shiga ta wata makama mai suna SLAM a sel ɗin garkuwar jiki, da wata mai suna nektin-4 a fatar hanyar numfashi. Sel ɗin Vero, waɗanda aka samo daga ƙodar biri a Japan a 1962, kuma su ne suka fi yawa a ɗakunanmu, ba su da SLAM. Don haka za ku zuba samfuri mai cike da bairos a kan Vero, ku yi mako biyu ko uku kuna leƙe, kuna juyawa a makance, wani lokaci ku tashi hannu rabbana. Shi wannan samfuri in aka zuba shi a kan sel ɗin da aka dasa musu SLAM na akuya, irin CHS-20, ko Vero da aka dasa wa SLAM na kare, cikin 'yan kwanaki zai nuna kansa. Za ku sa ido a madubi ku ga sel sun narke cikin juna sun zama wani ƙaton fili guda, cibiyoyinsu sun jeru a gefe sun yi da'ira. Wanda ya taɓa gani sau ɗaya ba ya mantawa. Samfurin ɗaya ne, amsar biyu ce, kuma bambancin daga kwalba yake.

Haka boru yake. Sel ɗin da suka fi jin sa su ne na ƙullin tayirod na ɗan maraƙi, waɗanda ake shiryawa sabbi. Bayan su akwai LFBK da aka dasa wa makamar intagirin, da ZZ-R 127 na harshen ɗan tayin akuya. Sel ɗin BHK-21, na ƙodar jaririn hamsta, suna da daɗin reno kuma da su ake yin rigakafi, amma ba su kai waɗancan kama bairos na daji ba. Ƙa'ida ita ce a jira awa 48, in ba a ga komai ba a daskarar a narkar a juya kan sabbin sel, a sake jiran awa 48. Kuma ku san cewa akwai irin da ya zaɓi dabbarsa. Wanda ya afka wa Taiwan a 1997, har aka hallaka aladu kusan miliyan 4, bai taɓa shanu ba, kuma ba ya girma da kyau a sel ɗin saniya, saboda wani gutsure na amino asid 10 da ya ɓace daga furotin ɗinsa mai suna 3A. Da ɗakin da ya karɓi samfurin sel ɗin saniya kaɗai yake da su, da ya ce lafiya lau. Saboda haka ku riƙa zuba samfuri a kan sel iri biyu in da hali.

Cutar ƙurajen fatar shanu ita kuma nawa ce da ita. A sel ɗin marainan ɗan rago takan kai kwana 14 kafin a yanke hukunci. Wanda ya zubar da kwalba a rana ta biyar gaggawarsa ya auna, ba samfurin ba.

Akwai kuma wanda ba ya kashe sel sam. Bairos ɗin zawon shanu na BVD hali biyu gare shi: mai kashe sel da marar kashewa. Marar kashewar shi ya fi yawa a garke, kuma shi ne mugun, domin shi ke ratsa mahaifa ya kama ɗan tayi kafin kwana 120 ko makamancin haka, a haifi maraƙin da zai yi ta zubar da cutar har ya mutu. A kwalba sel za su yi shar da su, alhali suna cike da shi. Sai an yi musu rini na musamman ko an yi PCR ake gane shi. Kalmar “ba a samu ba” tana da nauyi. Kada ku rubuta ta sai kun haɗa reno da PCR, kun kuma ambaci irin sel ɗin da kuka yi aiki da su da yawan kwanakin da kuka jira.

Ku ƙirga kowane juyi, ku rubuta shi a jikin kwalba.

Bairos masu kundin RNA, irin su boru da PPR da Niyukasil ta kaji, ba su da mai gyara musu kuskure idan suna kwafin kansu. Ana samun kuskure kamar ɗaya a cikin haruffa 10,000, kundin boru kuwa bai wuce haruffa 8,400 ko kusa da haka ba. Ke nan kusan kowane sabon ɗa yana ɗauke da ɗan sauyi. Abin da ke cikin ɗigon samfuri taron 'yan uwa ne masu kama da juna, ba mutum ɗaya ba. Da kun zuba su a kwalba, kwalbar ta fara zaɓe: wanda ya fi iya shiga waɗannan sel shi zai cika wuri, ko da a jikin saniya shi ne koma baya.

An ga wannan ƙarara a rukunin O. A jikin dabba yana shiga ta intagirin. A kan BHK-21, bayan 'yan juye-juye, sai a sami wanda amino asid na 56 a furotin VP3 ya sauya daga histidin zuwa arjinin, wanda hakan ya ba shi damar manne wa wani abu mai suna hefaran salfet da ke lulluɓe da sel. A kwalba ya zama gwani. Da aka mayar da shi jikin saniya sai aka tarar ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Ragon da aka turke wata shida ana zuba masa dusa da harawa zai yi ƙiba ya yi kyan gani, amma ba da shi ake auna juriyar tumakin da ke bin makiyayi har Binuwai ba.

Wannan rikiɗa ita ce makamin masu ƙera rigakafi, kuma da gangan suke yi. Walter Plowright ya juya bairos ɗin bushiya na Kabete kusan sau 90 a sel ɗin ƙodar maraƙi a Kenya, ya fitar da allurar da ta taimaka aka kawar da cutar daga doron ƙasa. Irin Neethling na ƙurajen fata an juya shi fiye da sau 60 a sel ɗin ƙodar ɗan rago a Afirka ta Kudu, sannan sau 20 a cikin ƙwai. Nigeria 75/1 daga akuyar da ta kamu a Najeriya a 1975 aka samo shi, Adama Diallo da abokan aikinsa suka yi ta juya shi a kan Vero a Faransa har ya yi laushi, suka bayyana sakamakon a 1989. To abin da ya isa ya mayar da makashi ya zama magani, ku kuna ganin ba zai taɓa samfurinku ba? Ku rubuta irin sel da lambar juyi a jikin kowace kwalba, kamar yadda manyan ɗakuna ke yi: juyi ɗaya a tayirod, uku a BHK. Ku keɓe na juyin farko da na biyu a ma'aji mafi sanyi, ku riƙa aiki da rassansu. Kada ku riƙa juya bairos da kauri ba tare da tsarma shi ba, domin hakan yana tara gurgun 'ya'ya masu guntun kundi, waɗanda ke danne masu lafiyar su rikita muku lissafi.

Kada ku karanta kundin gadon na kwalba ku kira shi na garke.

In samfurin asali yana nan, daga gare shi za a fara karatu. In dole sai an rena kafin a sami abin da zai isa, a faɗi haka a rahoto da kuma wurin da aka ajiye haruffan a GenBank. Akwai jerin haruffa da yawa a can waɗanda ba su da gari, ba su da rana, ba su da tarihin juyi. Wanda ya ɗora irin wannan ya ƙara wa duniya shara.

Kada ku yanke wa bairos hukunci da ɗan gutsuren kundinsa.

Kundin PPR haruffa 15,948 ne. Abin da aka saba karantawa don gano zuriya haruffa 255 ne na sashen N. Ya isa ya ce muku zuriya kaza ce. Bai isa ya ce muku daga wannan kasuwa cutar ta shiga wancan garke ba. Ku kuma lura da tsofaffin takardu: masu aiki da sashen F sun daɗe suna sa Nigeria 75/1 a zuriya ta I, masu aiki da N suna sa shi a ta II, kafin a daidaita a kan ta II. Wanda ya kwafo lamba daga tsohuwar takarda bai duba da wane sashe aka yi aiki ba, zai ƙirƙiro zuriyar da ba ta taɓa shigowa ƙasarsa ba.

Babban darasi yana wajen ƙurajen fatar shanu. An fara ganin cutar a Zambiya a 1929. Kundinta na DNA ne, haruffa kusan 151,000, kuma an daɗe ana ɗaukarta a matsayin wadda ba ta cika sauyawa ba. Aka ƙera gwaje-gwajen PCR masu duban wuri ɗaya ko biyu su ce wannan na rigakafi ne, wannan na daji. Sai ga shi a 2017 a Saratov ta ƙasar Rasha an sami wani iri wanda kundinsa faci-faci ne, nan na rigakafi, can na daji. Daga baya masu bincike a Beljiyam suka buɗe kwalbar wani rigakafi da aka yi amfani da shi a Kazakistan, suka tarar ba bairos ɗaya ne a ciki ba: akwai mai kama da Neethling, akwai wani irin na Kenya, akwai na agana ta awaki, akwai kuma 'ya'yan gauraye da suka haifa tun a wurin reno. Irin waɗannan gaurayayyun ne suka shiga Sin a 2019, suka wuce Biyetnam da Tailan da Indunusiya, suna kwantar da shanu, wasu gwaje-gwajen kuma suna cewa ai na rigakafi ne. Ba abin da ya tona asirinsu sai karatun kundi gaba ɗaya. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Kada ku yarda da rubutun jikin kwalba har sai kun gwada.

Akwai wani irin rigakafi na Kenya, KSGP O-240, wanda aka shekara da shekaru ana rabawa da sunan bairos ɗin agana ta tumaki da awaki, saboda daga tunkiya aka samo shi. Da aka karanta kundinsa sai ya zama na ƙurajen fatar shanu ne. Cututtukan nan uku kundinsu ya yi kama da kashi 96 cikin 100 ko fiye, kuma gwajin jini ba ya raba su. In wannan ya faru da manyan ɗakuna na duniya, kwalbar da wani ya miƙo muku a taron ƙara wa juna sani ba ta fi ƙarfin gwaji ba. Duk irin da ya shigo hannunku, ku tabbatar da shi kafin ku ba shi wuri a firiza. Masu sayen rigakafi kuma su nemi shaidar PANVAC, cibiyar Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha, wadda aikinta ke nan.

Kada ku auna muguntar bairos da yadda yake cin sel.

Sel ɗin Vero ba sa iya yin intaferon, wato ƙararrawar farko da jiki ke bugawa idan bairos ya shigo. Saboda haka rago da jarumi duk ɗaya suke a kansu. Zazzaɓin Rift Valley yana da wani iri mai suna Clone 13, wanda asalinsa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ne, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na sashen NSs ya ɓace masa. Wannan sashe shi ke toshe bakin ƙararrawar. A kan Vero yana girma sumul kamar kowa. A jikin tunkiya ba shi da ƙarfi, har an mayar da shi rigakafi. Kwalba ta ɓoye bambancin da ya fi kowane muhimmanci.

A cutar Niyukasil ta kaji, mai murɗe wuya, kwalba takan ɗan faɗi gaskiya. Masu laushi irin LaSota na rigakafi ba sa yaɗuwa a yawancin sel sai an ƙara musu tirifsin, masu zafin kuwa ba sa bukata, saboda jerin amino asid da ke mahaɗar furotin F, daga na 113 zuwa na 117. A ƙwai mai kwana 9 zuwa 11, mai zafi yana kashe ɗan tayi kafin awa 60, mai laushi sai ya wuce awa 90. A 'yan tsaki masu kwana ɗaya, ma'aunin mugunta na 0.7 ko sama shi ne iyakar da ake cewa mugu ne. Duk da haka akwai tarko. Irin da ke kama tattabaru yakan zo da mahaɗar masu zafi amma ya nuna laushi a kaza, sai ya ratsa kaji 'yan lokuta sannan ya fito da haƙoransa. A garuruwanmu inda ɗakin tattabaru ke kan akurkin kaji, wannan ba maganar littafi ba ce. Sannan in kun sami mai laushi a kajin da suke mutuwa, ku tambayi mai gona yaushe ya zuba LaSota a ruwan sha, kafin ku ce kun gano mai laifi. Ire-iren da ke yawo a Afirka ta Yamma, na XIV da XVII da XVIII, sun yi nisa da LaSota a kundi, amma rukuninsu ɗaya. Allurar da aka yi daidai tana hana mutuwa, ko da ba ta hana kaza zubar da bairos gaba ɗaya ba.

Ku tuna kuma dabbar ma tana da nata. PPR ɗaya yakan yi wa gajerun awakin kudu kisan da ba ya yi wa na Sahel.

Ku zargi sel ɗinku kafin ku zargi bairos.

Ruwan jinin ɗan tayin saniya da muke ciyar da sel da shi sananniyar hanya ce ta shigowar BVD marar kashe sel. A 1999 a Holan, rigakafin wata cutar numfashi ta shanu ya gurɓace da shi, shanu suka mutu a gonakin da suka yi abin da hukuma ta ce su yi. Sel ɗin IB-RS-2 an san suna ɗauke da bairos ɗin zazzaɓin aladu tun fil azal. Maikofilasma ba ya dagula ruwa, ba a ganinsa a madubi, amma yana sauya yadda bairos ke girma. Ku gwada kowane sabon ruwan jini, ku gwada sel lokaci-lokaci, ku ajiye kwalba ɗaya da ba a zuba mata komai ba a gefen kowane gwaji. In jan ruwan reno ya koma rawaya da wuri, ku tsaya ku bincika.

Kada ku buɗe bairos biyu a akwatin aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ku taɓa irin rigakafi da safe ku taɓa samfurin garke da hantsi a wuri guda ba tare da wanki da jira ba. Duk wanda ya karanta kundin samfurin daji ya ga ya fito daidai da Nigeria 75/1 ko LaSota harafi da harafi, ya fara duba fifet ɗinsa kafin ya fara rubuta takarda.

Kada ku rena abin da ɗakinku bai isa ya riƙe ba. Zazzaɓin Rift Valley yana kama mutum, kuma ya kashe mutane a jihar Tawa ta Nijar a 2016. In aka kawo muku ɗan tayi daga garken da ɓari ya yi yawa bayan ruwan sama mai yawa, kada ku yanka shi a buɗaɗɗen tebur. Ku kashe ƙarfin samfurin ku yi PCR, ko ku aika ɗaki mai matakin tsaro na uku. Boru ma haka: a 2007 ya tsere daga harabar Pirbright ta Ingila ta hanyar bututun ruwan datti, ya kama shanun maƙwabta.

Ku raba kowane iri a ƙananan kwalabe tun ranar farko, domin narkewa da daskarewa sau da yawa na karya shi. Ku sa takarda a jikin firiza, ku rubuta duk daren da wuta ta ɗauke da awannin da ta yi. Abin da ba za a iya sake samu ba, a sa shi a ruwan naitirojin, a kuma ajiye kwafinsa a wani ɗakin dabam.

Kada ku ajiye bushiya, ko da da sunan tarihi. An ga ta ƙarshe a Kenya a 2001, aka shelanta kawar da ita a 2011, kuma shanun da ke raye yau ba su da garkuwarta. Dattawan makiyaya ba su manta da abin da ta yi musu a farkon shekarun 1980 ba. Sai a 1979 aka tabbatar PPR bairos ne mai zaman kansa, ba bushiyar ƙananan dabbobi ba, don haka tsofaffin kwalaben wancan zamani rubutunsu ba abin dogaro ba ne. Wanda ya tsinci irin wannan kada ya buɗe don ya gani. Ya sanar da shugabansa, a sanar da hukuma.

Ku kuma shugabannin ɗakunan bincike, duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da PPR, kuma daga hannun yaran nan shaidar za ta fito. Kafin ku nemi kuɗin sabuwar na'urar karanta kundi, ku saya musu sel masu SLAM, da ruwan naitirojin, da littafin rajista mai kauri. Ranar Litinin ku tsaya a kansu a buɗe firiza, a fito da kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Wadda take da suna da gari da rana da lambar juyi a mayar da ita. Wadda ba ta da su a keɓe ta, a gwada ta ko a ƙone.